Barkonon Bakin Kallabi: Ga Inna Nurhayat

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha biyu ga Nuwamba, Allah Ya karɓi ran Inna Nurhayat a gidanta da ke birnin Gent na ƙasar Beljiyam, tana da shekara saba'in da takwas.

Inna, duk matar unguwarmu da ta fito da kallabi mai saƙa a bakinsa, aikin hannunki ne. Kin taso da sana'ar daga ƙauyenku na Emirdag, can ƙasar haihuwarki, kika yi shekara hamsin a Beljiyam kwarashi bai bar yatsunki ba. Kowa ya san karatun saƙarki: fure na mai farin ciki ne, jan barkono kuwa na wadda ranta ya ɓaci da wani nata.

Ni na san barkonon nan fiye da kowa. Shekara huɗu da suka wuce na cire kallabina, ba don wani ya tilasta mini ba. Mahaifiyata, Gulizar, ta daina yi mini magana, ta sa aka saƙa mata barkono, ta riƙa yawo da shi masallaci da kasuwa don kowa ya gani. Na zo gidanki a fusace, don ni ba na iya ɓoye fushi.

"Inna, ashe ke kika saƙa mata?"

"Ni ce mana, sarkin rigima! Zauna ki sha shayi. Gara fushin ya tsaya mata a bakin kallabi, a nan ana iya warware shi."

Ba ki taɓa kallon gashina kin taɓe baki ba. Da na matsa miki da tambaya, cewa kika yi naki kallabin tsakaninki da Ubangijinki ne, kin ɗaura ne don ki riƙa tuna a gaban Wa kike tafiya, ba don ki auna kan 'ya'yan mutane ba. Amma ba ki ɓoye mini cewa kina yi mini addu'a in dawo ba.

Sai da kika rasu muka ji wasiyyarki: ni da mahaifiyata za mu yi miki wanka, mu biyu kawai. Wallahi Inna, kin iya shiri! Na ari kallabi na shiga. Muka yi komai shiru, har muka zo kan farin ƙyallen da ake rufe kan mace da shi a likkafani. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Sai wata ta tallafo kai, wata ta ɗaura. Na gwada ɗaurawa, na kasa.

Sai mahaifiyata ta ce, "Melek, 'yata, ba haka ba. Kawo in nuna miki."

Rabon da in ji sunana a bakinta shekara huɗu ke nan. Na yi kuka, ba na kunyar faɗa.

Ban san ko zan koma ga kallabi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya kina kwance ba. Abin da na sani, washegari a zaman makoki mahaifiyata ta zauna kusa da ni da tsohon kallabinta, bakinsa fayau. Da hannunta ta warware barkonon.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta mu, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Erdal da Sevim, da jikokinki, da matan unguwarmu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.