Buhun Kwanson Harsashi

Lokacin da sojoji suka yi bore a Bangui, sana'ata ƙera fitilar aci-bal-bal ce da gwangwanin tumatir da na madara. Da manyan motoci suka daina shigowa daga Kamaru, kantuna suka bushe, har gwangwani ya yi wuya a juji. Abin da ya yi yawa shi ne kwanson harsashi. Duk ranar da aka yi harbe-harbe, washegari sai ka gan shi warwatse a bakin kwata.

Na fara tsinta. In tsaga shi, in buge ya baje, in yanka kifi ko tsuntsu, in huda in zura waya. Mata a kasuwar Kilomita Biyar suna saye, suna ratayewa a ƙofar ɗaki.

Matata ba ta so ba.

"Malam, abin da aka harbi mutane da shi kake shigo mana da shi gida?"

"Tagulla ce kawai," na ce mata.

Wata rana da hantsi ina tafe a Titin Koudoukou da buhu a kafaɗa, sai na tarar an gitta benci da tayoyi. Sojoji uku ne, ban kuwa san ko na gwamnati ne ko masu bore ba. Babbansu ya yafito ni. Ina sauke buhun ya yi ƙara.

Ya zazzage shi a kan kwalta. Masu canjin kuɗi da ke gefe suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Wa kake kai wa ya sake cika su?" ya tambaye ni da yaren Sango.

Na ce kifi nake yi da su. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora mini bakin bindiga a haƙarƙari.

"Yi mu gani," in ji babban.

Almakashina na cikin aljihu, amma babu guduma. Na durƙusa, na ɗauki dutse. Ina cikin tsaga wani kwanso sai na yanke babban yatsa, jini ya ɓata tagullar. Na goge da riga na ci gaba. Na fitar da wutsiya, na huda ido da ƙusa, na miƙa masa.

Ya daɗe yana jujjuya kifin a tafin hannunsa.

"Mahaifina masunci ne a kogin Ubangi," ya ce. "Wutsiyar ta yi gajarta."

Ya sa shi a aljihu, ya shure sauran kwanson cikin kwata, ya ce in ɓace.

Da na shiga lungunmu, ban ƙarasa gida ba. Na zauna a dakalin maƙwabci har aka kira azahar. A gida matata ta wanke mini yatsa da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma. Na yi mako biyu ban fita tsinta ba. Da na koma, murafun kwalba da tsofaffin silifa na nema.