Yashin da Kawu Ya Kawo Mana

Ko tsufa na yi tukuf, ba zan manta da yashin nan ba, wallahi.

Lokacin rikicin nan ne, an hana hawa babur a Potiskum, masu tifa ma sun daina shiga daji ɗebo yashi. Tsakar gidanmu a unguwar Bolewa kuwa da damina taɓo ne zalla. Kawuna direban tirela ne. Wata rana zai dawo ba kaya daga wajen Bauchi, sai ya ga tulin yashi a inda masu haƙar ma'adinai ke wanke duwatsun da suka haƙo, masu wurin suka ce ya kwasa. Laushi kamar gari, yana ƙyalli a rana! Muka baje shi a gida. Inna har cewa take, "To, mu ma mun zama gidan gwamna."

Ni a lokacin tattabaru ne a gabana. Ba wanda ya koya mini kiwo, kallo da tambaya ne kawai. Sai suka fara tangaɗi, suna murɗa wuya, suna mutuwa. Na farke ɗaya don in gani, na tarar ƙundunta cike da yashin.

Ana haka 'yar yayata ta kwanta. Ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma saboda dokar hana fita, a kan yashin take wuni, hannu kullum a baki. Amai, ciwon ciki, daga baya jijjiga. Maganin zazzaɓi bai yi komai ba. A asibiti likita ya yi ta tambaya, can ya ce, "Akwai dabbar da ta mutu a gidanku?"

Na ce, "Tattabaruna, likita!"

Yaya ta harare ni. "Kai dai da tsuntsayenka! Yarinya na kwance."

Likita ya ce ta bar ni in ƙarasa. Da na zo kan ƙundun da inda aka samo yashin, sai ya ajiye biro. "Ina zargin gubar dalma ce. Za mu tura jininta a gwada, amma yau ɗin nan ku fitar da yashin."

Kawu da kansa ya riƙe shebur yana hawaye. Muka tula shi a ƙofar gida, muka koma asibiti. Da la'asar na dawo, na tsaya kamar an dasa ni. Rabin tulin babu! Mata da yara sai kwasa suke a roba da bokiti. Na yi ta ihu, "Guba ne! Ku ajiye!"

Wata maƙwabciyarmu, roba a ka, ta ce, "Guba a yashi? Ɗan nan, in rowa ce ka faɗa mana."

Sai da mai unguwa ya raka mu gida gida kafin aka yarda. Wata har ta shimfiɗa inda take shanya tsaki. Muka ƙankare, muka ɗure a buhuna, sojoji suka caccake su a shinge kafin mu wuce, muka binne a rami mai zurfi nesa da rijiyoyi.

Gwaji ya tabbatar dalma ce. Yarinya ta tashi, alhamdulillahi, amma har yau karatu na ba ta wahala.

Abin da na koya, kuma nake faɗa wa duk wanda zai saurara: fitar da guba daga gidanka ba zubarwa ba ne. In ba ka tsaya ka ga inda ta ƙare ba, gidan maƙwabcinka ka kai ta.