Sunayen da Yaya Bai Rubuta Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau shafinsa na intanet yana nan yadda ya bar shi. Mu 'ya'yan mahauta ne a unguwar Ridina. Maimakon ya riƙe wuƙa kamar babanmu, sai ya riƙe waya, yana bin rumfunan abinci na cikin lungu, irin waɗanda benci ke kama wa mutum riga saboda maiƙo. Ya ci, ya kurɓi romo, ya dawo gida ya rubuta. Tsiya muke yi masa, muna cewa kwaɗayi ne kawai ya samu sunan aiki.

Yaya mutum ne mai kunyar manya. Bakinsa ba ya iya kama sunan sa'an iyayensa, hannunsa ma haka. Duk matar da ta tuƙa masa tuwo Inna ce, duk tsohon da ya soya masa ƙwai Baba ne. Bara na zauna na karance shafin kaf, na tarar da Inna shida da Baba huɗu, babu mai suna ko ɗaya. Hankalina ya tashi. An yaba miyarsu, amma su kansu za su shuɗe ba wanda ya san ko su wane ne.

Na hau babur na fara da unguwar Ambassatna, wajen wani Baba mai shayi. Na tarar rumfar ta zama shagon gyaran waya, tsohon kuma ya rasu. Na tambayi maƙwabta sunansa, kowa ya ce ai Baba mai shayi. Ranar na yi kuka, kuma na ji haushin Yaya, Allah ya jiƙansa.

Da yana raye, na san zai yi dariyar samarin yau da ke ɗaukar bidiyon abinci har ya huce ba su ɗanɗana ba. Ni kuma faɗa zai yi mini, ya ce ƙanwarsa ta zama marar kunya. Na yarda. Abin da ya bari mai kyau ne, domin ba don shi ba, ba zan san ƙofar da zan yi sallama ba. Amma aikin rabi ne, kuma sai na cika shi ko za a zage ni a kowace unguwa.

Makon jiya na sami Inna mai marara, wato romon kayan ciki, a unguwar Habbena. Idonta ya yi rauni, 'yarta ce ke kan tukunya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce.

"Ƙanwar mai wayar nan da ba ya barin komai a kwano? Allah sarki!"

"Inna, ki yafe mini. Sunanki na zo tambaya, zan rubuta."

Ta juyo da fuskarta wajena. Can ta ce, "Hauwa'u. Rabon da in ji shi a bakin wani tun mahaifiyata na da rai. Faɗa in ji, 'yata."

Sai ga kunyar gidanmu ta kama ni, kamar yadda take kama Yaya. Na sunkuyar da kai, na faɗa ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ɗaga murya. Ban ji ba."