Abin da Baba Bai Yafe Ba

Babanmu kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba. Ƙarfinsa duka a wani kamfanin gine-gine ya ƙare, yana yanka silin asbesto da zarto yana bugawa a ofisoshi da makarantu. Sai ya dawo gida Ƙofar Kuyambana fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa, mu yara mu yi ta dariya. Ba wanda ya taɓa ba shi ko ƙyallen rufe hanci.

Ya daɗe da barin aikin, sai tari ya kama shi, numfashi ya soma gagara. Likita ya ce sankara ce a fatar da ta lulluɓe huhu, kuma ƙurar silin nan ce ta jawo ta. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma mai bakin gidan, kowa ya shaida. Na nemo lauya. Ta ce za a iya nema masa hakkinsa, amma doka ta yanka wa'adi, kuma dole Baba da kansa ya ba da bayani ya sa hannu. In wa'adin ya wuce, magana ta mutu.

Baba ya ce atafau. Wai mai shirin gamuwa da Ubangijinsa yafiya ta kamace shi, ba shari'a ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Uwata, wannan bakin naki ko alƙali ya ji sai ya nemi hutu." Watanni suna ta tafiya, lauya tana ta bugo waya.

Ana dab da cikar wa'adin, sai ga tsohon mai kamfanin ya zo dubiya, wani Alhaji da ya tsufa tukuf, 'ya'yansa ke riƙe da harkar yanzu. Na kawo masa ruwa na ƙi fita daga ɗakin.

"Malam," in ji shi, "gafara na zo nema. Mun ji ƙurar nan ba ta da kyau, muka yi shiru."

Baba ya ce, "Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu.

Baba ya huta, ya tattaro numfashi. "Har yanzu ana yankawa?"

Alhaji ya ce ana yi jefi-jefi, in an samu gyaran tsofaffin gine-gine.

"Yaran da ke yi, kun ba su abin rufe hanci?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"To, nawa na yafe. Nasu kuwa ba nawa ba ne, ban isa in yafe ba." Ya juyo wajena. "Kira lauyar nan ta zo yau."

Kai! Ban taɓa alfahari da zama 'yar mutumin nan kamar ranar ba. Nan take na buga wa lauya waya.

Da lauya ta iso bayan la'asar, Alhaji ya miƙe zai tafi. Baba ya ce a'a, ya zauna ya saurara, in ya ji an yi masa ƙari ya gyara. Haka Baba ya yi bayaninsa, yana yi yana tsayawa neman iska, tun daga ranar da ya fara riƙe zarto, sannan ya sa hannu. Har aka gama Alhaji bai gyara ko kalma ɗaya ba.