Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Da matata ta yi haihuwar fari, sai aka kai ta wankan gida Zandam, wajen mahaifiyarta. Ni kuma ina Birnin Kudu ina koyarwa. Duk Asabar nakan hau babur in je in ga jaririya. Tsakanina da surukata kuwa gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, ido a ƙasa.

A zuwana na uku na ga jarkar. Shuɗiya ce mai kauri, tana jingine kusa da murhu, daga cikinta ake tsiyayar ruwan dama kunun kanwar mai jego. Takardar jikinta ta kusa gogewa, amma hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu yana nan sarai. Jarkar maganin feshin wake ce.

Da ban san komai ba, da ni ma na sha kunun nan na yi hamdala. To amma ba a daɗe ba wata mata daga Kano ta zo makarantarmu, 'yar wata ƙungiyar kare muhalli. Ta ce akwai magungunan ƙwari da ba sa mutuwa. Ruwa ba ya wanke su, rana ba ta ƙona su, sai su zauna a ƙasa, su shige kitsen jiki, har su fito ta nonon uwa. Ta ce su da takwarorinsu na ƙasashen waje sun daɗe suna bin taro bayan taro a kan a hana yin su. Wasu ma an hana su tuni a inda ake haɗa su, amma ragowar tana ɓullowa a kasuwanninmu.

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wato abin da ka hana ɗanka, shi za ka loda a jirgi ka aiko wa nawa? Ka rubuta gargaɗi da yaren da ko ni malamin makaranta sai na yi ta lalube? Mu kuma muka ƙara wa kanmu da suna: abin da likita ya ba ka magani, abin da ke kashe ɓera magani, na feshi ma magani.

Ban san ko abin da ya zauna a jarkar nan yana cikin waɗancan ba, sunan ya goge. Rashin sanin ne ya hana ni sukuni, ga 'yata ba ta da abinci sai nonon uwarta.

Na yi wa matata magana a hankali. Ta yi dariya, ta ce wai boko zai haukata ni. Ai Inna ta wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda ake wa ƙwaryar da kare ya lasa. In ji ta, me ya fi bakin kare?

Sai na bi ta hanyar kunya. Na sayi sabuwar jarka fara a kasuwar Gwaram, na aika a matsayin tsaraba. Inna ta aiko da sa albarka. Da Asabar ta zagayo, sai na tarar ta adana sabuwar a ƙarƙashin gado, wai ta yi kyau da zaman bakin murhu. Shuɗiyar tana nan inda take, cike fal.

Ranar nan kunya ta ƙare mini. Na isa har gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini. Jarkar nan guba ce ta zauna a cikinta, kuma wanki ba ya fid da ita."

Ta ja mayafi ta juya gefe. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ai magani ne, Malam," in ji ta. "Da guba ce, da sun bari a sayar mana?"

Tsohuwa ta yi duk abin da aka koya mata na tsarki, ba ta rage ko wanki ɗaya ba, ta kuma yarda cewa akwai masu tsaron ƙofa a can sama wajen hukuma. Na ɗauki jarkar na tuttular da ruwan a bayan danga, na sa wuƙa na farke gindinta don kada wani ya tsinta. Matata na kallona kamar na zagi uwarta.

Ina shirin tayar da babur sai Inna ta biyo ni har zaure, jikarta a kafaɗa. Wannan ne karon farko da ta dube ni ido cikin ido.

"To wanda uwar yarinyar nan ta riga ta sha fa, yau kwana talatin? Da me ake wanke shi?"

Matar Kano ta riga ta ba ni amsar tun a makaranta: ruwa ba ya wanke shi. Na dubi 'yata tana tsotsar hannu.