Daɓen da ke Ƙarƙashin Gidan Marianthi

Anestis wanzami ne, yana da ɗan shagon aski kusa da cocin ƙauyenmu, tafiyar rabin awa daga Argos. Ni kuwa magini ne, kuma ni na tsaya masa a matsayin babban aboki ranar aurensa, shi ya sa har ya bar duniya ba ya kirana da sunana sai Kumbaro, yadda muke kiran wanda ya yi wa mutum wannan tsayuwar. Shekara hamsin muna tare, ban taɓa zama a kujerarsa na tashi ban sha labarin mutanen da suka mutu shekara dubu biyu da suka wuce ba.

Aji shida kacal ya yi a makaranta, amma tarihi ya shiga jininsa. Duk Lahadi kafin a taso daga coci ya riga ya hau bas, da burodi da zaitun da ɗan cuku ƙulle a adiko. Kufan Mikine ya je ya fi sau arba'in. A Epidabros yakan tsaya tsakiyar tsohon filin wasan ya saki kwabon darakma a ƙasa, ya ɗaga kai yana jiran baƙin da ke can saman matakala su ce sun ji ƙararsa, sai ka rantse ubansa ne ya gina wurin. Delfi da Olimfiya kuwa sai ya tara kuɗin aski na wata uku kafin ya je.

Matarsa Garifalia takan ce, "Mazan mutane mata suke bi, nawa duwatsu yake bi. Da mace ce ai da na san ƙofar da zan je in yi rashin mutunci."

Yana da zafi a kan abin. Kowa a nan ya san idan ka tono kayan mutanen da a filinka ka faɗa wa hukuma, za a zo a kewaye wurin da waya, sai a shekara biyar ko goma ba ka sa ko bulo ɗaya ba. Don haka manomi in garmarsa ta taɓa tsohon tulu, fasawa yake yi ya mayar da ƙasa ya yi gum. Anestis in ya ji labari, shi da mutumin nan sun raba gari. Akwai wanda ya kora daga shago da kumfa a rabin fuska, yana binsa har titi yana cewa, "Je ka jaki ya yi maka aski, ɗan'uwanka ne!"

'Ya ɗaya Allah Ya ba shi, Marianthi. Wani bakanike mai suna Lambros ya nemi aurenta, yaro mai hankali, ita ma tana sonsa. A wurinmu uba ne ke gina wa 'yarsa gidan da za ta zauna, kuma shekara huɗu suna jiran Anestis ya haɗa abin ginin. Ana cikin haka yayan Lambros ya aiko masa da takardun tafiya Melbon, can Ostireliya. Lambros ya zo ya faɗa cikin ladabi cewa in ba a samu gida kafin ƙarshen kaka ba, aure za a ɗaura su hau jirgi. Wanda ya tafi Ostireliya a lokacin, sai dai hoto.

Fili ɗaya su Anestis ke da shi, ɗan ƙarami cikin itatuwan lemu, gadon Garifalia. A watan Mayu na fara tonon harsashi. Rana ta uku da hantsi, na sallami leburori su je shan kofi, sai shebur ɗina ya goga wani abu mai santsi, daidai inda falo zai kasance. Na share da hannu. Wallahi da ina da wayo da na mayar da ƙasa na ja bakina, amma sai na aika aka kira Anestis.

Daɓe ne na ƙananan tsakuwa, fari da baƙi da ja, an jera su sun ba da hoton wata yarinya ɗauke da tulu a kafaɗa. Anestis ya zo da farar rigar aikinsa, burushin kumfa na aljihu. Ya sauka ramin ya durƙusa. Ya sa na miƙo ruwa, ya riƙa wanke fuskar yarinyar da burushin nan a hankali.

"Kumbaro," ya ce, "shekara talatin ina biyan kuɗin mota in je in ga irinta daga bayan igiya. Ashe tana nan ƙarƙashin lemun surukina, baban Garifalia."

Na ce, "Motar siminti ƙarfe biyu za ta iso. Ka faɗa mini abin da zan yi."

"Ka ga yatsunta? Ka ga yadda ya yi mata yatsu?"

"Na gani. Anestis, ƙarfe biyu fa."

Ya ƙura wa yarinyar ido. Can ya tambaye ni ko akwai yadda za a matsar da ginin. Na ce filin duka taku nawa ne, kuma shi ya fi ni sanin daɓe irin wannan ba ya zama shi kaɗai. Sai ya fito ya tafi gida, ya dawo da barguna biyu na ulu daga cikin kayan auren matarsa. Shi ya shimfiɗa su da kansa. Ya sa na tankaɗe yashi mai laushi na zuba kamu biyu a kai, yana ta cewa in yi a hankali kada in ji mata ciwo. Da motar ta iso bai tsaya ya ga an zuba siminti a kanta ba.

An yi biki a watan Oktoba, Marianthi ta zauna, ta haifi uku. Anestis kuwa bai ƙara hawa bas ɗin Lahadi ba. Aski yake yi shiru, har abokan hira suka fara tsokanarsa ko duwatsun ne suka sake shi. Mutumin da ya taɓa kora ya dawo, ya yi masa aski bai karɓi ko sisi ba. Na yi ta yi masa faɗa cewa bai kashe kowa ba, 'yarsa ya riƙe, kowane uba haka zai yi. Sai ya ce, "Na sani, Kumbaro," ya ci gaba da wasa askarsa. Abin yana ci mini rai har yau, don ni na nuna masa.

Ya shekara ashirin da ɗaya a haka. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ba ni wata ambulan mai adireshin hukuma, da zanen inda daɓen yake a ciki. Ya ce, "Ni na kasa. Kai ka ga abin da ya dace." Bayan kwana tara ya rasu.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an raba dafaffiyar alkama ta sadaka a ƙofar coci, Marianthi ta ja ni gefe. Ambulan ɗin na cikin aljihun kwat ɗina, don tun da ya ba ni ban iya ajiye ta a gida ba.

"Kawu," ta ce, "kai ka fi kowa saninsa. Shekara ashirin Baba bai taɓa taka falona ba. A kicin yake tsayawa, ko a tsakar gida. Ko ranar sunan jikokinsa daga bakin ƙofa yake leƙowa. Ban taɓa tambayarsa ba, kunya nake ji. Don Allah me na yi masa?"

Na ce mata ba ta yi masa komai ba, ƙafarsa ce ba ta son sanyin daɓe. Ta dube ni, ta san ƙarya nake yi, ta share hawayenta ta koma wurin baƙi.