Yaƙin Ankara a Kujerar Baya

A shekarata ta biyu a garin Greensboro na Amurka hankalina ya ƙi kwanciya. Karatun ƙasar noma ya kawo ni, amma da na zauna a ɗaki sai in ji kamar ana jirana a wani wuri. Na sayi tsohuwar mota, na riƙa yawo ba gaira ba dalili.

Ranar Juma'a mutum biyu nake ɗauka zuwa gidan da muke salla. Ɗaya Baturke ne, ɗalibi kamata. Ɗayan dattijo ne Ba'uzbeke daga arewacin Afganistan, wanda yaƙin Rasha ya koro, yana kula da dawakin wani Bature a Summerfield, kusa da garin. Baba muke ce masa. Harsunansu suna kama da juna, kuma da su suke musu tun daga hawa har sauka.

Da na gaji na tambaya, sai suka ce a kan wani tsohon yaƙi ne da aka yi kusa da Ankara. Baba ya ce gurgun sarkinsu na Samarkand ya tare ruwan rafi, ƙishirwa ta karya rundunar Turkawan daular Usmaniyya, aka kama sarkinsu da rai. Baturken ya ce ƙarya ne, cin amana ce, wasu mayaƙan sarkin Turkawan suka juya masa baya ana tsakiyar fama. Suka ce in raba gardama.

Abin nema ya samu. Na watsar da gwajin ƙasar noman da nake yi, na tare a laburare. Duka biyun sun faru, haka na gaya musu a mota da Juma'a ta zagayo. Baturken ya yi tsaki. Da muka isa bargar dawakin, Baba ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ka ɓata mana," ya ce. "Ina ruwana da wancan sarki? Na ga abin da runduna take yi wa ƙauye. Duk garin nan yaron nan kaɗai ke jin harshena, ko da faɗa ne."

Juma'ar da ta biyo ba wanda ya yi musu. Baturken ya riƙa tambayarsa sunayen abinci da na tsuntsaye, Baba yana amsawa a taƙaice. Kafin bazara Baba ya koma New York wurin wani ɗan ƙanensa. Ni na kai shi tashar bas, daga nan na wuce duba wani ɗakin haya da zan koma, na uku a shekarar.